Za a sabunta tsohuwar tashar jiragen ruwa, an kira mu taro: me za mu tambaya?

Wata malama, sakatariyar ƙungiyar mazauna wata unguwa da ke bayan tsohuwar tashar jiragen ruwa, ta aiko da wannan tambaya: "Tashar ta daɗe da daina aiki, masana'antun da ke kewaye da ita sun rufe, ɗakunan ajiya sun zama kango. Yanzu hukuma ta ce za a sabunta wurin gaba ɗaya. An ɗauko masana sun yi zane, an kuma kira mu taron jin ra'ayin jama'a. Hotunan da muka gani suna da kyau ƙwarai, amma wasunmu na cewa an riga an gama komai, sa hannunmu kawai ake nema. Halartar taron na da amfani? In za mu je, me za mu tambaya?"

Malama, ku je. Amma kafin ranar, ku rubuta wa hukuma takarda ku nemi amsar abu ɗaya: filin nan na wane ne a yau, kuma wane ɓangarensa aka riga aka sayar, ko aka ba da haya, ko aka yi wa wani alkawarinsa? Na daɗe ina aikin tsara birane. Na zauna irin wannan taro a teburin masu zane, na kuma zauna a kujerun jama'a, kuma amsar wannan tambaya ce ke nuna mini ko taron na gaske ne ko na jeka-na-yi-ka. In filin yana hannun hukuma, bakinku na da nauyi. In ya riga ya fita tare da izinin gini, abin da ya rage muku shi ne zaɓen irin bishiyar da za a dasa.

Bari in ɗan koma baya, don ba garinku kaɗai abin ya sama ba. A watan Afrilun 1956 wani mai harkar sufuri a Amurka, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a kan wani tsohon jirgin dakon mai da ake kira Ideal X, daga Newark zuwa Houston. Kafin nan buhu-buhu da ganga-ganga ake sauke kaya, jirgi ya yi kwana da kwanaki a matsaya, dubban 'yan dako suna samun na kansu. Kwantena ta zo da buƙatun da tashar tsakiyar gari ba ta iya biya: ruwa mai zurfi, makeken filin jibge kaya, da hanyar da tirela za ta shiga ta fita ba tare da ta ratsa unguwa ba. Sai aiki ya yi ƙaura. Na Landan ya gangara Tilbury da Felixstowe, na Niyok ya haye jihar New Jersey, na San Francisco ya koma Oakland. Tsakanin 1967 da 1981 aka rufe manyan matsayan jiragen Landan ɗaya bayan ɗaya, masana'antun da jirgi ya zaunar da su suka bi sahu.

Abin da aka bari kamarsa ɗaya kusan ko'ina. Fili ne mai faɗi, dab da tsakiyar gari, a hannun 'yan tsiraru, galibi hukumar tashar da ta jiragen ƙasa da kamfanoni biyu ko uku. Katanga ta zagaye shi, layin dogo ko babban titi ya raba shi da mutane, har ki sami yaron da aka haifa taku ɗari uku daga ruwa bai taɓa tsoma ƙafa a ciki ba. Muddin takardar hukuma ta ce filin na masana'antu ne, darajarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ranar da aka sa alƙalami aka yarda a gina gidaje da otal da ofisoshi masu hawa ashirin, sai darajar ta ninka, alhali ko bulo ɗaya ba a ɗora ba. Wannan ƙarin da sa hannun hukuma ya haifar shi ne ainihin abin da ake rabawa, kuma hukuma ce ke da ikon cewa "na sa hannu, amma da sharaɗi". Sharuɗɗan nan su ne kasonku. Da zarar tawada ta bushe, sai roƙo.

Labarai biyu daga kogi ɗaya sun fi kowace lacca bayyana wannan. A 1981 gwamnatin Margaret Thatcher, ta hannun ministanta Michael Heseltine, ta kafa hukuma ta musamman don raya yankin Docklands na gabashin Landan, fili mai murabba'in mil takwas da rabi. Aka karɓe ikon ba da izinin gini daga zaɓaɓɓun majalisun Tower Hamlets da Newham da Southwark, aka damƙa wa mutanen da minista ya naɗa. A 1982 aka ayyana wani yanki na unguwar Isle of Dogs da ke cikin Docklands a matsayin wurin rangwamen haraji, aka sassauta ƙa'idojin gini. In gaskiya za a faɗa, aiki ya yi gudu. Jirgin ƙasa na yankin da ƙaramin filin jirgin sama duk sun fara aiki a 1987, dogon benen Canary Wharf ya tsaya a 1991, yau wurin na cikin manyan cibiyoyin hada-hadar kuɗi na duniya. Amma iyalan tsofaffin ma'aikatan tashar sai dai su leƙa ta taga su ga ana gina ofisoshin da ba za a ɗauke su aiki ba, da gidajen da suka fi ƙarfinsu. Sun rubuta nasu tsarin na matsayan Royal Docks a 1983, sun yi jerin gwanon jiragen ruwa a kogin Thames har gaban majalisar dokoki, amma ba tsarinsu aka bi ba, don ba su ne ke zaɓen masu yanke hukunci ba.

'Yan mil kaɗan zuwa yamma, kusa da Waterloo, akwai eka 13 na kango da filin ajiye motoci da ake kira Coin Street. Masu zuba jari suka so jera manyan ofisoshi da otal. Mazauna unguwar suka yi shekara bakwai suna ja tun daga 1977, kuma dabarar da ta fisshe su ita ce ba su tsaya ga "ba ma so" ba. Sun zana nasu tsarin, da gidajen haya na ƙungiya, da lambu, da hanyar ƙafa a bakin kogi, da wuraren sana'a, suka nemi izinin gini kamar kowane kamfani. Aka yi zaman bincike a bainar jama'a har sau biyu, aka ba tsare-tsaren biyu izini. A 1984 masu jarin suka janye suka sayar wa majalisar birnin Landan ta lokacin da kasonsu, ita kuma ta ɗaure filin da sharuɗɗa, ta sayar wa kamfanin da mazauna suka kafa kan fam miliyan 1. Yau akwai gidaje sama da 200 a hannun ƙungiyoyin mazauna, kuma kuɗin hayar wuraren kasuwanci, irin na ginin Oxo Tower, na taimakawa wajen riƙe sauran. Ba na so ki ɗauki wannan a matsayin abin da ke faruwa kullum. Eka 13 ce kacal, kuma sun yi dace da majalisar da ke tare da su, wadda aka rushe a 1986. Amma ki lura, abin da suka samu a ƙarshe takardar fili ce.

Akasin haka kuma ya faru a Barlin. A Yulin 2008 mazauna gundumar Friedrichshain-Kreuzberg suka kaɗa ƙuri'a kan gine-ginen da ake shiryawa a bakin kogin Spree. Kusan kashi 87 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka goyi bayan a bar wa jama'a mita 50 daga bakin ruwa, kada kuma gini ya wuce tsayin mita 22. Sai dai ƙuri'ar ba ta ɗaure hukuma ba, kuma filaye da dama an riga an sayar tare da izinin gini, wanda soke shi na nufin biyan diyya. Gine-gine da yawa suka tashi abinsu. Ihu bayan hari. A Niyok kuma, a 2005 aka sauya dokar filayen bakin ruwa na Greenpoint da Williamsburg daga masana'antu zuwa dogayen benayen zama, aka yi wa jama'a alkawarin wurin shaƙatawa mai eka 28 a Bushwick Inlet. Filin kuwa ba na birnin ba ne. Benaye suka tashi, ƙasa ta yi tsada, sai a 2016 birnin ya daidaita kan sayen yanki na ƙarshe a kan dala miliyan 160. Sauyin dokar da ya zo da alkawarin shi ne ya tsadar da cika shi. Saboda haka duk koren wuri da kika gani a taswira, ki tambayi mai shi, da kuɗin da aka ware masa, da shekarar da za a buɗe shi. Ku nemi a ɗaure rabon jama'a da na mai gini a rubuce: ba a shiga kashi na biyu na gine-gine sai an buɗe lambu da hanyar bakin ruwa na kashi na farko.

Birnin da na fi ba ɗalibai misali da shi wajen riƙe fili shi ne Hamburg ta Jamus. Kafin magajin gari Henning Voscherau ya bayyana shirin HafenCity na sabunta tsohon yankin tashar jiragen ruwa a 1997, birnin ya riga ya tattara yawancin filayen a asirce don kada labari ya fita farashi ya tashi. Wuri ne mai hekta 157 har da ruwa. Aka amince da babban tsari a 2000, kamfani mallakin birni ya riƙa fitar da fuloti ɗaya bayan ɗaya. A fulotan gidaje, abin da mutum zai gina ya fi kuɗin da ya taya rinjaye. Wanda aka zaɓa ana ba shi wa'adi ya kammala zane ya sami izini, sannan a ƙulla ciniki. In ya kauce, fili na nan a hannun birni. Kuɗin filayen kuma da shi ake yin tituna da gadoji da bakin ruwa. Ba wai babu aibu ba. An fara abin a ɓoye, wanda kishiyar jin ra'ayi ne, kuma gidajen farko na masu hali ne. Sai daga 2011 aka fara ware kashi ɗaya cikin uku na sababbin gidaje ga masu ƙaramin ƙarfi. Amma da yake ba a sayar da filin a dunƙule ba, da aka ga kuskure an sami inda za a gyara. Aikin irin wannan yakan ci shekara ashirin ko talatin, babu mai zanen da ya san abin da garin zai buƙata a shekara ta goma sha biyar. In aka ce muku kamfani ɗaya za a miƙa wa wurin duka, ku nemi a yanka shi kashi-kashi, ku kuma nemi a ba da hayar dogon zango maimakon sayarwa.

Yanzu ga hotunan da suka burge ku. Aikin mai talla ne. Kullum rana ta fito, bishiyoyi sun girma, yara na gudu, babu mota, babu mai gadi. Ki nemi taswira mai ma'auni, da zanen da ya yanka wurin daga ƙofar unguwarku har cikin ruwa, wanda zai nuna tudu da gangare da tsayin kowane gini. In kin samu, ki ɗora yatsa a bakin ruwa ki bi shi daga farko har ƙarshe. Duk inda yatsanki ya ci karo da otal ko gidan da ya shiga ruwa, nan hanyar ta yanke, kuma hanyar bakin ruwa da ta yanke sau biyu mutane sukan daina binta. Ki tambayi faɗinta da mita, ki kuma tambayi wa ke da makulli. Akwai dandalin da ake kira na jama'a alhali na kamfani ne, mai gadi na iya korar mai talla, ko matasan da suka taru, ko ya rufe ƙofa da magariba. A jihar Massachusetts ta Amurka akwai tsohuwar doka tun 1866 da ke kare haƙƙin jama'a a filayen da ruwan teku ke hawa ko aka cike, kuma da ita ake tilasta wa mai gini a gaɓar Boston ya bar hanya. Haka aka yi ta haɗa guntu-guntu tun 1984 har ta kai kusan mil 43. Ku bincika ko dokarku na da makamancin wannan, don abin da doka ta riga ta ba ku ba sai kun roƙa ba.

Daga nan ki juya taswirar ki ƙirga titunan unguwarku da suka miƙe har ruwa. Wannan ya fi hanyar bakin ruwan kanta muhimmanci a gare ku, kuma shi ne aka fi mantawa. Sau da yawa ana rushe katangar tashar, sai a maye gurbinta da bayan gine-gine, da wurin ajiye motoci, da titi mai hannu shida. Katangar dai tana nan, ta sake kaya. Ki duba kuma abin da ke ƙasan kowane bene: ƙofofi da shaguna da tagogi, ko dogon bango? Mace mai tafiya ita kaɗai da dare ta fi kowane injiniya sanin bambancin. Batun tsayi kuwa, mutane ba su iya jin "mita arba'in" a jikinsu. A ƙasar Suwizalan ana kafa dogayen sanduna a fili su nuna kusurwa da tsayin ginin da ake nema wa izini, kowa ya gani da idonsa kafin a yanke hukunci. Ba shi da tsada, ku nema. Gani ya kori ji.

Tsofaffin gine-gine ba zan daɗe a kansu ba. Ɗakin ajiya mai ƙwari ya fi sabon gini arhar haya, kuma a nan ƙananan masu sana'a ke samun mafaka. Ku hana a rushe komai kafin a tantance. Amma injin ɗaga kaya guda da aka yi wa fenti aka kafa a tsakiyar shataletale, bayan an kori duk wanda ya san yadda ake tuƙa shi, ado ne kawai.

Abubuwa biyu da ba sa fitowa a hoto su ne suka fi cin kuɗi: abin da ke cikin ƙasa, da ruwan da zai hau kanta. Wurin da aka yi shekaru ana gyaran jirgi, ana ajiye mai, ana jimar fata, ana sarrafa iskar gas daga kwal, ƙasarsa takan riƙe dalma da kwalta da baƙin mai da sauran guba, lakar ƙarƙashin ruwan ma haka. Mashigin Gowanus na Niyok sai a 2010 gwamnatin tarayyar Amurka ta sa shi cikin jerin wurare mafiya gurɓata, yasar lakar kuma ba ta kankama ba sai 2020. Akwai hanyoyi daban-daban: a kwashe ƙasar, ko a wanke ta, ko a rufe ta da shimfiɗa a zuba sabuwa a kai. Kowacce na da muhallinta, amma ma'aunin tsabtar da ya isa wurin ajiye motoci bai isa filin wasan yara ba. Ku nemi rahoton gwajin ƙasa, da taswirar ramukan da aka haƙa, ku tambayi wa zai biya: wanda ya gurɓata, ko mai gini, ko baitulmali. Ku tambayi kuma ta wane titi motocin kwasar ƙasar za su bi, don ƙurar a hancinku za ta ƙare.

A nan ne ilimin mutanen unguwa ya wuce na masana, ba don a faranta muku nake faɗa ba. Na taɓa yin aiki a wani wuri inda muka zana filin wasan yara a wata kusurwa da gwaji ya nuna ba ta da matsala. Ranar da muka zagaya da tsofaffin ma'aikata, wani dattijo ya tsaya ya nuna ƙasa da sandarsa, ya ce a nan suke binne gangunan da suka fashe. Ramukanmu na gwaji sun kuskure wurin da 'yan mitoci. Aka sake haƙa, aka tarar da maganarsa. Tun ranar ban ƙara yarda da jin ra'ayin da aka yi shi a zaure kawai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ruwa kuma yana ƙaruwa, teku na hawa, guguwa na turo shi cikin gari, kamar yadda guguwar Sandy ta yi wa unguwannin gaɓar Niyok a Oktoban 2012. Hamburg, wadda ambaliyar Fabrairun 1962 ta kashe mata mutum sama da 300, ta gina HafenCity a waje da ganuwar tare ruwa: aka ɗaga tituna da gine-gine kusan mita takwas bisa teku, aka bar hanyar ƙafa a tsohon matakin matsaya, ruwa ya hau ta in ya cika, ya janye a wanke. Dabara ce mai kyau. Amma ga tambayar da ta shafe ku kai tsaye: in aka ɗaga sabon wuri, ina ruwan zai nufa? Unguwannin bayan tasha galibi a kwari suke, kuma magudanansu ta cikin filin tashar suke bi su zuba. Cikon da bai yi la'akari da wannan ba zai mai da gidajenku tafki. Ku sa injiniyan ya nuna muku a taswira inda kowane magudani zai fita.

Sai maganar abin yi. Wurin da ake kira kango ba kasafai yake zama fanko ba. In kika shiga za ki tarar da masu walda, da masu gyaran kwale-kwale, da masunta, da masu ajiyar kaya, duk suna zaune saboda haya ba tsada. Zane ba ya ganinsu. Kuma ko ba a kore su ba, sabon maƙwabcin da ya sayi gida mai tsada zai fara ƙarar hayaniya da wari, a hankali a tashe su. Mutanen Portland ta jihar Maine sun kaɗa ƙuri'a a 1987 suka hana ayyukan da ba su da alaƙa da teku a gaɓarsu ta aiki. A tsibirin Granville na Vancouver har yau kamfanin haɗa kankare na aiki gefe da kasuwa da shagunan masu fasaha. A Cape Town, gaɓar Victoria da Alfred da aka fara sabuntawa a 1988 ta bar jiragen kamun kifi da wurin gyaran jirgi suna aiki a gaban masu yawon buɗe ido. Ku yi naku ƙidayar, sana'a nawa, mutum nawa, kafin taron. In an ce aikin zai samar da dubban ayyuka, ku tambaya nawa ne na gini da za su ƙare da gini, nawa ne masu ɗorewa, kuma wane horo za a fara ba matasanku tun yanzu. Ku yi hattara kuma da tsarin da ya dogara kacokan ga baƙi. Kasuwar shaƙatawa ta Harborplace a Baltimore, da aka buɗe a 1980, birane da yawa sun kwaikwaye ta. A 2019 kotu ta naɗa mai riƙonta saboda bashi, a 2024 kuma masu ƙuri'a suka amince da sauyin da zai ba da damar a sake gina wurin.

In suka ce za a yi "gidaje masu sauƙin kuɗi", kada ku tafa tukuna. Sauƙi ga mai samun nawa? Gida nawa, a wane fuloti, a kashi na nawa, kuma na shekara nawa kafin a sake su kasuwa? Masu haya a unguwarku su ne za su fara jin zafi, don haya takan tashi tun daga ranar da aka kafa allon sanarwa.

Game da taron kansa, wata Ba'amurkiya mai suna Sherry Arnstein ta kwatanta shigar da jama'a da tsani mai matakai takwas a 1969. A ƙasa akwai juya mutane da lallashi, a tsakiya akwai sanarwa da tuntuɓa da ba da baki, a sama kuma akwai tarayya, da miƙa wani iko, da riƙon jama'a. Yawancin tarukan da na halarta a tsakiya suke. Hanyar gane matakin da aka ajiye ku mai sauƙi ce: ki miƙe ki tambaya, da ladabi, "Ranka ya daɗe, wane abu ne a cikin wannan tsari zai iya canzawa saboda abin da muka faɗa yau, wane ne kuma ba zai canza ba?" Jami'i mai gaskiya zai iya lissafa miki. In amsar ta zama "duk za a duba", kin ji matakinku. Ku nemi a ba ku zaɓi biyu ko uku da kuɗin kowanne, maimakon zane ɗaya. Ku nemi a amsa kowace buƙata a rubuce, an karɓa ko an ƙi, da dalili. Ku nemi kujera mai ƙuri'a a kwamitin da zai sa ido har ƙarshen aiki, da ɗan kuɗi daga kasafin aikin da za ku ɗauki naku masanin ya karanta muku rahotanni. Kuma ku nemi a buɗe ƙofa tun yanzu, ko da yanki ɗaya ne da aka tabbatar da tsabtarsa, mutane su fara shiga. Wanda bai taɓa taka wuri ba ba shi da ra'ayi a kansa, wanda ya saba zama a can kuwa da wuya a ƙwace masa.

Ku ma akwai abin da zan faɗa muku, Malama, ki yi haƙuri. Ƙungiyar mazauna takan zama ta masu gida da masu lokaci. 'Yan haya, da masu aikin dare, da matan da ba sa magana in maza sun cika zaure, da matasa, da masuntan da ba a unguwar suke kwana ba, in ba ku bi su har inda suke ba, hukuma za ta ce ba kowa kuke wakilta ba, kuma ta yi gaskiya. Sannan kada ku je da buƙata arba'in. Za a ɗauki goma mafiya arha a ce an saurare ku. Ku zauna ku fitar da uku ko huɗu da ba za ku sassauta ba. Ku sani kuma gyaran bangon matsaya da wanke ƙasa kuɗi ne na gaske, daga wani wuri za su fito. In kun ƙi tsayin bene, wataƙila gidajen masu ƙaramin ƙarfi ne za su ragu. Ba laifi ba ne ku ƙi, amma ku sa a buɗe lissafin a gabanku ku zaɓa da sani.

Ranar taron ku tafi da mai rubuta muku abin da aka faɗa, da sunan wanda ya faɗa, ku aika wa hukuma kwafi cikin mako. Kafin a tashi ku tabbata kun ji wace majalisa ko wane jami'i ne zai sa hannun ƙarshe kan sauya dokar filin, da ranar da za a zauna, da ranar da za a rufe karɓar ƙorafi a rubuce. Ranar rufewar ta kan riga ranar zaman da makonni, kuma takardar da ta zo bayanta ba dole ba ne a karanta ta.